Waya Ta Hannu: Tambayi Asalinta Kafin Ka Taya

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar tafi-da-gidanka a Nijeriya, wannan 'yar na'ura ta yi ta kutsawa cikin zaman jama'a har ta zama abokiyar tafiyar kowa. Da farko kira kawai a ke yi da ita, a gaisa, a isar da saƙo, a kashe. Yanzu kuwa a cikinta ɗan kasuwa ke ajiye lissafinsa, da ita ma'aikaci ke duba ko albashi ya shiga, ɗalibi ya nemi sakamakon jarrabawarsa, mai jego kuma ta aika da hoton jariri ga dangi na nesa.

Sai dai fa kuɗin sabuwar waya ya fi ƙarfin mutane da yawa. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa ta yanke darajar Naira. Dalar Amurka da a ke canzarwa a kan wajen Naira 460 a farashin hukuma, sai ga ta ta haye Naira 1,500 a farkon 2024. Tun da ya ke galibin wayoyin da mu ke riƙewa daga ƙasashen waje a ke shigo da su, tilas farashinsu ya bi sawun dala. Wannan ya ƙara tura jama'a wajen masu sayar da ta hannu, watau wadda wani ya riga ya yi amfani da ita. Wanda ya leƙa Computer Village da ke Ikeja a Legas, ko Banex da ke Wuse a Abuja, ko Farm Centre da titin Beirut a Kano, zai gane wa idonsa yadda wannan ciniki ya bunƙasa.

Sayen waya ta hannu ba laifi ba ne, ba kuma abin kunya ba ne. Dubban mutane na cin halaliyarsu da wannan sana'a. Abin da mu ke so mai karatu ya lura da shi shi ne, yawancin masu saye kan ƙare hankalinsu wajen duban kyawun jiki da ƙarfin batir, su manta da tambayar da ta fi kowace muhimmanci: daga ina wayar nan ta fito? Lalataccen batir kuɗi kaɗan zai ci a sake shi. Wayar da asalinta ya ɓaci kuwa tana iya cin mutuncin mutum, ta kwanar da shi a caji ofis.

HANYOYI UKU

Wayoyi na hannu ta hanyoyi uku su ke shigowa kasuwa. Akwai waɗanda a ke kawowa daga ƙetare, waɗanda Yarabawa ke kira tokunbo, 'yan kasuwa kuma su ce 'yar Landan, ko da ya ke da yawansu ba su taɓa ganin Ingila ba, daga Amurka ko Dubai ko Hong Kong aka yi odarsu. Akwai waɗanda aka yi amfani da su a nan gida, mai ita ya gaji da ita, ko wata bukata ta taso masa ya kai ta kasuwa. Sa'an nan akwai ta uku, wadda aka zare daga aljihun wani a tasha, ko aka fizge a cikin Keke Napep, ko aka ƙwace da bakin wuƙa a lungu.

Wahalar ita ce, in aka jera ukun nan a kan tebur ɗaya, ido ba ya rarrabe su. An goge su, an manna masu sabon gilashin kariya, kowace na walƙiya. Mai ƙwacen waya kuwa ba don ya yi kira ya ke ƙwata ba, don ya sayar ne. Abin ya tsananta a wasu garuruwa har ya kai ga hasarar rayuka. A watan Mayu na 2023 sai da majalisar tsaro ta Jihar Kano ta ba da sanarwar cewa za a ɗauki ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Ke nan wayar da aka taya maka da araha a bakin titi tana yiwuwa shaida ce a wata shari'ar kisan kai, kai kuwa ba ka sani ba.

ABIN DA DOKA TA CE

Mutane da yawa na zaton da zarar sun biya kuɗinsu, shi ke nan, ba ruwansu. Doka ba ta ce haka ba. Sashe na 317 na dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara 14, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya karɓi kayan sata ko ya riƙe su yana sane, ko kuma yana da dalilin da zai sa ya yi zaton na sata ne. Sashe na 427 na dokar manyan laifuffuka da a ke aiki da ita a Kudu shi ma ya ambaci shekara 14 ga mai karɓar kayan da aka samo ta hanyar babban laifi. Wasu jihohi sun sabunta dokokinsu, lambobin sassan sun canja, amma laifin yana nan daram.

A lura da wannan magana ta dalilin zato. In aka sayar maka da wayar Naira 400,000 a kan Naira 90,000, cikin dare, a bayan tasha, ba kwali ba rasit, da wuya alƙali ya yarda cewa zuciyarka ba ta raya maka komai ba. Har wa yau, sashe na 167 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotu damar ɗauka cewa wanda aka samu da kayan sata jim kaɗan bayan an sace su, ko dai shi ne ɓarawon, ko kuwa ya karɓa yana sane, sai fa in ya iya bayyana yadda kayan suka zo hannunsa. Watau nauyin bayani yana wuyan mai riƙe da wayar.

Ko da mutum ya kuɓuta daga tuhuma, wayar ba za ta zauna a hannunsa ba, domin za a mayar wa mai ita. Haka hukuncin ya ke a fikihun Malikiyya da malamanmu ke karantarwa a zaure: mai kaya yana da ikon karɓar kayansa a duk hannun da ya same su, mai saye kuma ya koma ya nemi kuɗinsa wurin wanda ya sayar masa. To, in wanda ya sayar maka ba ka san sunansa ba balle gidansu, wa za ka bi?

LAMBAR DA BA TA MANTUWA

Kowace wayar salula tana da lambar shaida mai alƙaluma 15 da a ke kira IMEI. Mai layi biyu tana da biyu. Duk sa'ad da aka sa layi a waya aka kunna, kamfanin sadarwa yana ganin lambar layin tare da lambar wayar, ya kuma ajiye su a rumbunsa. Tun daga watan Disamba na 2020 kuwa Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Ma'anar wannan a fili ta ke. Ranar da ka sa layinka a cikin wayar sata, ka rubuta sunanka da hannunka a kanta. Idan 'yan sanda suka bi sawu, ba ɓarawon za su fara tararwa ba, gama shi ya daɗe da rabuwa da ita. Wanda ke riƙe da ita yau shi za a fara ɗauka, daga kansa a riƙa warware zaren, wannan ya nuna wancan, har a kai ga tushe. Wanda ya kasa nuna na gabansa, a kansa zaren ke tsayawa.

Saboda haka matakin farko shi ne mai saye ya karɓi wayar da hannunsa ya danna *#06#. Nan take lambar za ta fito. Sai ya gwada ta da wadda ke cikin saitin wayar, wurin da a ke nuna bayananta, da wadda ke jikin kwali in akwai kwali, da wadda aka buga a bayan wayar ko a 'yar farantin sa layi, a wayoyin da ke da hakan. In suka saɓa, to ko an sake injin wayar, ko an sake gangar jikinta, ko kwalin na wata ne. Lalle mai sayarwa ya yi bayani mai gamsarwa, in ya kasa a ajiye masa kayansa.

Alƙaluma 8 na farkon lambar suna nuna kamfanin da ya ƙera wayar da kuma samfurinta. Akwai shafuffuka a intanet da a ke shigar da lambar su faɗi ko wace iri ce, wasu kuma har su duba ko tana cikin jerin wayoyin da aka kai rahoton sacewarsu, wanda ƙungiyar kamfanonin sadarwa ta duniya, GSMA, ke ajiyewa. In lambar ta ce Tecno ce alhali Samsung ke hannunka, an yi wa wayar aika-aika. Amma kada mai karatu ya saki jiki don shafin ya ce wayar ba ta da laifi. Jerin ba ya sanin komai sai abin da aka kai masa rahoto, wayar da aka ƙwace jiya a Sabon Gari kuwa ba lalle ne sunanta ya shiga ba.

MAKULLAI HUƊU

Bayan lamba sai makullai. Na farko shi ne na Apple. Tun 2013 kamfanin ya sa wa iPhone wani makulli da ke ɗaure wayar ga asusun iCloud na mai ita. Ko an goge ta tas, in aka kunna sai ta nemi lambar sirrin mai asusun. Na biyu irinsa ne da Google ya sa wa wayoyin Android a 2015. An yi su ne don a kashe wa ɓarayi kasuwa, don haka mai waya na gaskiya ba ya shan wahalar cire su. Ka ce ya fita daga asusunsa a gabanka, ya kashe Find My in iPhone ce, ya goge wayar ta koma kamar ranar da ta fito daga masana'anta. Sa'an nan ka kunna ta, ka haɗa ta da intanet, ka bi matakan shiga har ƙarshe. In ya ce ya manta lambar sirri, ko ta ƙanensa ce da ya yi tafiya, ko kuwa ka je wurin masu filashin za su buɗe maka, cinikin ya ƙare a nan. Akwai wayoyin da a ke zagaye makullinsu da dabara a sayar da su da rahusa. Irin waɗannan sukan sake kullewa da zarar an goge su ko an sabunta manhajarsu, wasu ma ba sa karɓar layi sam.

Na uku shi ne makullin kamfanin layi. Yawancin wayoyin da a ke sayarwa bashi a Amurka an ɗaure su ga kamfanin sadarwa guda. Wasu 'yan kasuwa kan sa wani siririn faifai a ƙarƙashin layi don wayar ta yi aiki a nan, amma dabarar ba ta da tabbas, sabis na iya ɗaukewa ko yaushe. A iPhone, shafin bayanan waya yana nuna ko an ɗaure ta ko ba a ɗaure ba. A kuma sani cewa daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su da ramin sa layi ko kaɗan, sai layin eSIM da a ke saukarwa a cikin wayar. In ka ga irinta da rami, wani ne ya buɗe ta ya huda.

Na huɗu shi ne makullin bashi na nan gida. Akwai kamfanonin da ke ba da waya a riƙa biya kaɗan-kaɗan, in aka daina biya su kulle ta daga ofishinsu. Wani sai ya karɓa, ya biya kason farko, ya sayar da ita, ya ɓace. Bayan 'yan kwanaki sai mai saye ya wayi gari da saƙon neman kuɗi a fuskar wayar, ba ta kira ba ta amsawa. A duba cikin saitin ko akwai wata manhaja da ke da ikon sarrafa wayar wadda ta ƙi ciruwa, a kuma tambayi mai sayarwa kai tsaye a gaban shaida.

GWAJIN JIKI

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, don haka ba a neman ta hannu ta zama sabuwa. Abin nema shi ne a san aibinta kafin a yi farashi. Ka tafi kasuwa da layinka da cajarka. Ka kira wani ka ji ko yana jinka, kana jinsa. Ka gwada ramin layi na ɗaya da na biyu, da kyamarar gaba da ta baya, da lasifika, da wurin karanta zanen yatsa ko fuska. Ka ja yatsa a kowane lungu na gilashin, ka buɗe farin shafi ka nemi tabo ko inuwa. A yawancin wayoyin Samsung, danna *#0*# kan buɗe shafin gwaje-gwaje. Ka jona caja ka ga tana ɗauka ba tare da an riƙe bakin igiyar ba. In bayan wayar ya ɗago ko gilashin ya fara rabuwa da jiki, batir ne ya kumbura, shi kuwa yana iya kama wuta.

A iPhone akwai wurin da ke nuna lafiyar batir, in ta sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 lokacin sake shi ya yi. A samfuran baya-bayan nan, shafin bayanan waya kan nuna in an sake gilashi ko batir ko kyamara. A cikin ramin layi na wayoyi da yawa akwai wani ɗan tabo fari da ke komawa ja in ruwa ya shiga. Akwai kuma wata dabara da ta yaɗu, ta ɗaukar injin iPhone XR ta 2018 a sa shi a gangar jikin wata sabuwa mai idon kyamara uku. Daga nesa ba ka cewa komai, amma saitin wayar zai faɗi sunanta na gaskiya, idanu biyun kuma na ado ne.

A duba shekarun wayar ma. Wadda ta tsufa ƙwarai kamfaninta ya daina aiko mata da gyaran tsaro, manhajojin banki da na saƙo kuma sukan juya mata baya. A 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Wanda ya sayi irinsu don araha bai daɗe yana murna ba.

BA A CINIKIN BIRI A SAMA

Wurin ciniki shi ne rabin tsaro. Mai shago yana da ƙofar da za ka dawo ka buga gobe, yana kuma ƙarƙashin ƙungiyar 'yan kasuwa da ke iya tsawata masa. Wanda ya tare ka a bakin ƙofar kasuwa yana raɗa maka farashi ba shi da ko ɗaya. Mutanen Legas sun daɗe suna ba da labarin masu nuna wa baƙo waya mai kyau, a gama ciniki, a yi musanye cikin ƙiftawar ido, sai ya isa gida ya tarar da fanko an cusa masa fufu don ya yi nauyi. Maganin wannan shi ne, da zarar ka gama gwada waya kada ta sake barin hannunka, ko da da sunan za a sa maka ita a leda.

Ga masu saye ta Facebook ko Jiji ko WhatsApp, kada a tura ko kwabo kafin a ga kaya, ko da an kira shi kuɗin mota ko kafin alƙalami. A haɗu da rana, a wurin da jama'a su ke, a tafi da abokin rakiya, zai fi kyau ma a haɗu a shagon mai gyaran da aka amince da shi.

Sa'an nan a rubuta. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu wajen ciniki ta sauka. Rasit ɗin ya ƙunshi sunan mai sayarwa, da lambar shagonsa, da lambar wayarsa, da samfurin wayar, da lambar IMEI, da kuɗin da aka biya, da kwanan wata, da kwanakin da aka yarda za a iya dawo da ita in wani aibi ya bayyana. In daga hannun mutum ne ba shago ba, a nemi rasit ɗinsa na asali, a ga katin shaidarsa, ya sa hannu, shaida ma ya sa. Biya ta banki ya fi na hannu, domin yana barin sawu, amma a tabbata sunan da ke kan asusun shi ne na mai sayarwar. Mutumin kirki ba ya jin haushin waɗannan sharuɗɗa. Wanda ya fara kumfar baki don an nemi sunansa a takarda, ya riga ya ba ka amsa.

BAYAN AN KAI GIDA

Ko da an goge wayar a kasuwa, a sake goge ta a gida kafin a sa manhajar banki. A sabunta ta, a sa mata makulli, a sa wa layin kansa lambar sirri, domin ɓarawo kan cire layi ya sa a wata waya ya yashe asusun banki da shi. A rubuta lambar IMEI a takarda, a ajiye tare da rasit a inda a ke ajiye takardun gida. In wata rana aka zo da maganar cewa wayar ta sata ce, kada a ɓoye ta, kada a jefar, kada a yi gaggawar sayar wa wani. A fito da rasit, a nuna wanda ya sayar, a nemi lauya in abin ya kai ga haka.

Wanda zai sayar da tasa shi ma da nasa aikin. Ya kwashe hotunansa da lambobinsa, ya fita daga asusunsa, ya cire layi da katin ajiya, ya goge wayar. Kada kuma ya saki kaya don ya ga saƙon shigar kuɗi, sai ya duba asusunsa ya ga kuɗin sun zauna, gama alat na bogi ya yi yawa.

Daga ƙarshe, jama'a, mu tuna cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da ke zare wuƙa don waya ya san akwai mai jiransa da kuɗi a hannu, ba tambaya ba rasit. Ranar da masu saye suka dage sai sun san asali, shugabannin kasuwanni kuma suka tilasta wa kowane shago ajiye littafin da ke ɗauke da sunan duk wanda ya kawo waya da lambarta, wannan mugunyar sana'a za ta rasa riba. Minti 30 da mutum zai ɓata yana dubawa da rubutawa bai kai kwana guda a bayan kanta ba. Allah Ya tsare mu da sayen rigima da kuɗinmu, amin.